Ciwon Zuciyar Masu Jego a Ƙasar Hausa: Tarihin Bincikensa Daga Zariya Zuwa Kano

1.0 Gabatarwa

A cikin al'adun Hausawa da suka shafi haihuwa babu wadda ta kai wankan jego shahara, babu kuma wadda likitocin zamani suka ɗora wa laifi kamarta. Tun daga shekarun 1970 aka shigar da shi cikin littattafan koyar da likitanci cewa matan Zariya da kewayenta sun fi matan kowace ƙasa da aka auna kamuwa da wani irin ciwon zuciya da yakan biyo bayan haihuwa, kuma ana zaton ruwan zafi da kunun kanwa ne sanadinsa. Wannan magana ta daɗe ana karantar da ita ga ɗalibai a ciki da wajen Nijeriya. Da aka zo aka sake auna ta bayan shekaru masu yawa, likitocin da suka yi aikin 'ya'yan ƙasar ne, kuma amsar da suka samu ta sha bamban da ta farko.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan bincike daga farkonsa zuwa inda ya kai. Za a fara da bayanin al'adar kanta, sa'an nan a waiwayi yadda binciken lafiya yake a zamanin mulkin Turawa, kafin a zo ga aikin da aka yi a Zariya da wanda aka yi a Kano. Abin da tarihin zai nuna shi ne, amfanin bincike ga marar lafiya ya danganta ne ga yadda mai binciken ya kusanci shi marar lafiyar da gidansa, kuma tambayar da aka riga aka rufe ba ta sake buɗuwa sai ƙasa ta horar da nata masana waɗanda abin ya dama.

2.0 Jego a Al'adar Bahaushe

Bahaushe ya ɗauki mai jego a matsayin mai ɗanyen jiki. A ganinsa haihuwa takan bar jiki a buɗe, kuma babban abin da ake tsoron ya shige shi shi ne sanyi. Kalmar sanyi a nan ta wuce na hunturu, domin ta ƙunshi kumburi da ciwon gaɓoɓi da ciwon mara da kasala. Tun da yake sanyi ne abin gudu, sai aka sa zafi ya zama maganinsa. Daga ranar da mace ta sauka, ungozoma ko wata tsohuwa ta gida takan dafa ruwa a babbar tukunya har ya tafasa, a tsoma ganyen tsamiya ko runhu ko darbejiya, a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki safe da yamma. Akan yi haka har kwana arba'in, wasu kuma, musamman masu haihuwar fari da suka je goyon ciki gidan iyayensu, sukan zarce. A wasu sassa, kamar ƙasar Zazzau, akan ƙara da gashi, watau a hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, mai jego ta kwanta a kai. Ta fuskar abinci kuwa akwai ƙauri da yaji, sa'an nan da kunun kanwa, wanda ake cewa yana wanke ciki yana kuma kawo ruwan nono.

Ya kamata a lura da cewa al'adar ba ta tsaya ga ruwa da wuta ba. A kwanakin jego ne mace take samun hutu daga daka da surfe da girki, a lokacin ne take cin nama fiye da yadda ta saba, 'yan'uwa mata kuma suna kewaye da ita. Saboda haka likitan da ya ce mata ta bar wanka ya ɗora mata kaya mai nauyi, domin ya sa ta saɓa wa uwarta da uwar mijinta a daidai lokacin da take hannunsu. Daɗin daɗawa, idan mai jego ta kumbura, abin da tsofaffi za su fara zato shi ne wankan bai yi ba, sai a ƙara wuta. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane dalilin da yakan sa masu wannan ciwo su makara wajen zuwa asibiti ba.

3.0 Binciken Lafiya a Zamanin Turawa

Asibitocin farko da Turawan mulki suka gina a Arewa an yi su ne domin su kansu da sojoji da ma'aikatan gwamnati. Daga baya aka sami asibitoci da ɗakunan shan magani na En'e da na mishan. Binciken da aka yi a wancan zamani ya fi karkata ga annobar da take kashe majiya ƙarfi, watau masu noma da biyan haraji da aikin kuza da hanyar jirgi.

Babban misali shi ne ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake yaɗawa, wanda kuma ya yi ɓarna a Lardin Zazzau a shekarun 1930. Gwamnati ta kafa ƙungiyoyin ma'aikata masu bin ƙauyuka. Umarni yakan fito daga Razdan zuwa ga Sarki, daga Sarki zuwa hakimi da dagaci, a tara jama'a a jera su, a lalubi wuyan kowa ana neman kaluluwa. Wanda aka samu da cutar sai a yi masa jerin allurai, fitowa kuwa dole ce. A gundumar Anchau aka kai aikin matuƙa: aka sassabe kurmin bakin rafuka inda ƙudan yake zama, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi mutane daga ƙauyukansu, har aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Wani masanin ƙwari mai suna Nash ya rubuta rahoton wannan aiki a 1948.

Babu mai musun cewa aikin ya rage cutar ƙwarai. Amma an yi shi ne bisa umarni, ba a nemi ra'ayin wanda ake yi wa ba, kuma irin wannan hanya ba ta iya kai wa ga ciwon da yake ɓoye a cikin ɗaki. Mai jego da take haki a ƙuryar gida ba ta fitowa layi a ƙofar dagaci. Kafin a san da ita sai an sami likita mai zama da marasa lafiya, wanda zai tambaye su cikin harshensu. Irin waɗannan kuwa sun yi ƙaranci. Likita na farko ɗan Arewa, Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a Wusasa a 1912 ya kuma yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sai a 1940 ya kama aikin gwamnati. Har aka sami mulkin kai a 1960 likitoci 'yan Arewa ƙalilan ne, babu kuma jami'a ko ɗaya a yankin da take yaye su.

4.0 Makarantar Likitoci ta Zariya da Binciken Farko

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka buɗe sashenta na koyar da likitanci a 1967. Shugaban jami'ar a lokacin shi ne Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda a Anchau ɗin nan aka haife shi a 1927. Jami'ar ta karɓi asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi domin koyarwa, ta kuma ba da muhimmanci ga lafiyar jama'ar karkara, fannin da Farfesa Umaru Shehu ya jagoranta a shekarun farko. Ta haka ɗalibi ya riƙa ganin cututtukan birni da na ƙauye tun yana makaranta.

A 1969 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Eldryd Parry ya zo Zariya a matsayin farfesa, ya zauna har 1977. Shi da abokin aikinsa Davidson suka lura da wani abu da bai yi daidai da abin da suka karanta ba. A ɗakin mata na asibitin, gadaje da yawa masu jego ne a kai, mata masu ƙuruciya, waɗanda suka haihu lafiya, amma bayan 'yan makonni ƙafafunsu suka kumbura, numfashi ya riƙa sarƙe musu, tari ya hana su barci, ba su iya kwanciya sai a jingine. Waɗannan alamomi ne na gazawar zuciya. A Turai ba kasafai likita yake ganin irin wannan ba, ga shi a Zariya ya zama abin kowane mako.

Daga 1969 zuwa 1972 suka tattara bayanan mata 224 masu wannan ciwo. Sun ƙiyasta cewa a cikin Hausawan Zariya yakan sami kimanin mace ɗaya cikin kowace ɗari da suka haihu. Sun ga kusan dukkan matan Hausawa ne ko Fulani, alhali asibitin yana karɓar ƙabilu da yawa, sun kuma ga ciwon ya fi yawa a watannin zafi fiye da lokacin hunturu. Abin da ya bambanta wannan aiki da na Anchau shi ne, masu binciken ba su tsaya ga gadon asibiti ba. Sun tambayi matan abin da suke ci da yadda suke wanka da inda suke kwana, an kuma bi su har gidajensu, aka ga gadon gashi da tukunyar wanka da kanwar da ake jiƙawa.

Bayanin da suka bayar mai shiga hankali ne. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda yake cikin gishiri, shi kuwa yakan sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi. Zafi kuma yakan buɗe ƙananan jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ta ƙara yawan jinin da take turawa. Idan aka haɗa waɗannan biyu a jikin macen da ta fito daga wahalar ciki, wataƙila ma da ƙarancin jini, sai aikin ya fi ƙarfin zuciyar. Abin da ya ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne, da yawa daga cikin matan sukan sami sauƙi da sauri idan aka ba su maganin da yake fitar da ruwa ta fitsari. An buga cikakken sakamakon a 1978. A shekara mai bi, wani likita mai suna Sanderson ya duba irin waɗannan mata a Zariya da na'urar da take nuna motsin zuciya ta hanyar amsa-kuwwa, ya ga cewa a wasunsu tsokar zuciyar tana matsawa yadda ya kamata, ruwa ne dai ya yi mata yawa.

Wani abin da ya cancanci a ambata shi ne, ba a yar da waɗannan mata bayan an gama rubutu ba. An ci gaba da bibiyarsu, har tsakanin 1993 da 1995 aka sake neman waɗanda suka rage, aka buga sakamakon a 1998. Masu rahoton da kansu suka bayyana cewa aikin ya dogara ne ga wata mata 'yar Zariya, wadda ta san gidajen ta kuma riƙa shiga tana kawo labari. An gano cewa mafi yawan waɗanda aka tabbatar da rasuwarsu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini ne ajalinsu, hawan jini kuma ya yawaita a cikin waɗanda suka rayu. Da ba domin wannan mata ba, da babu Baturen likita ko namijin Bahaushe da zai iya ratsa zauruka ya samo wannan bayani.

5.0 Binciken Harrison da Batun Daidaito

A daidai wannan zamani, a ɗakin haihuwa na asibitin Zariya, wani bincike yana gudana wanda ya dubi al'amarin mata ta wata fuska. Mai shi Farfesa Kelsey Harrison ne, ɗan Nijeriya daga Abonnema ta Jihar Ribas, wanda ya koyar a Zariya daga 1972 zuwa 1981. Tsakanin 1976 da 1979 shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibitin, har guda 22,774. Ban da abin da ya shafi jiki, sun rubuta shekarun mace da tsawonta da yawan haihuwarta, da ko ta yi makaranta, da ko ta zo awon ciki.

Sakamakon, wanda aka buga a 1985, ya nuna kimanin mace ɗaya cikin ɗari ta rasu. Amma mutuwar ba ta rabu daidai ba. Galibin waɗanda suka rasu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, waɗanda aka kawo su rai a hannun Allah bayan doguwar naƙuda a gida, mafi yawansu kuma ba su yi karatun boko ba. Matan da suka yi awo, ko da kuwa Hausawa ne daga unguwanni guda, kaɗan ne ƙwarai suka mutu. Harrison ya kammala da cewa gyaran ɗakin tiyata kaɗai ba zai wadatar ba, sai an ilimantar da 'ya'ya mata an kuma rage talauci. Wannan aiki yana cikin waɗanda suka ja hankalin duniya har aka yi babban taron Nairobi na 1987 kan kare rayukan mata wajen haihuwa.

Ke nan a asibiti ɗaya, a shekaru guda, an sami bayani iri biyu game da wahalar matan Hausawa. Ɗaya ya nuna al'ada, ɗaya ya nuna halin rayuwa. Ba a gwada na biyun a kan ciwon zuciyar masu jego ba sai bayan shekaru da dama, dalilin jinkirin kuwa yana cikin abin da ya sami jami'o'i da asibitoci.

6.0 Shekarun Koma-baya da Darasin 1996

Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, da shirin tsuke bakin aljihu da gwamnati ta ɗauka a 1986, sun karya asibitocin koyarwa. Kuɗin bincike ya ƙafe, na'urori suka lalace babu gyara, ƙwararrun likitoci da yawa suka tafi Saudiyya da Ingila da Amurka. Aka fara karɓar kuɗi a kan abin da a da kyauta ne. A 1990 likitocin Zariya suka ba da rahoton cewa matan da suke zuwa haihuwa asibitin sun ragu, masu mutuwa kuma sun ƙaru.

Cikin wannan hali aka yi annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Kamfanin magunguna na Pfizer ya aiko ma'aikatansa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani sananne. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar a kashin farko, shida a na biyu. Bayan 'yan makonni masu gwajin suka koma ƙasarsu. A 2000 jaridar Washington Post ta tona labarin. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki, ya ƙara da cewa sanƙarau ne ya kashe yaran. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya sami gwajin da saɓa wa ƙa'ida. A 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Kano a 2003 saboda jita-jitar cewa an gurɓata ta, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. Ba a koma ba sai a watan Yulin 2004, kafin nan kuwa cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Wani abin kirki da ya biyo baya shi ne ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa da aka fitar a 2007, waɗanda suka wajabta cewa kwamitin ɗa'a ya duba kowane bincike kafin a fara, kuma a yi wa wanda za a sa a ciki bayani ta yadda zai fahimta, a kuma bar masa damar ya ƙi. A nan batun harshe ya shigo, domin idan aka ce wa uwa za a ba ɗanta magani, ba daidai yake da a ce mata za a gwada magani a kansa ba.

7.0 'Yan Gida Sun Sake Duba Tambayar

Duk da koma-bayan, irin da aka shuka a Zariya bai mutu ba. An kafa Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma a 1976, da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, waɗanda suka sa likita yana iya ƙwarewa a gida, sun kuma shardanta masa ya yi bincike kafin a ba shi shaida. Aka buɗe makarantun likitanci a Maiduguri da Sakkwato da Kano, aka kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988. Da yawa daga malaman waɗannan wurare a Zariya aka yaye su.

Alamar farko cewa bayanin kanwa bai ƙare magana ba daga Yamai ta fito. A 1992 wani likita Bafaranshe mai suna Cénac da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa masu wannan ciwo a Nijar suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jininsu. Wannan sinadari jiki yana bukatarsa ɗan kaɗan, daga ƙasa yake shiga amfanin gona, an kuma riga an san cewa rashinsa ya jawo wani ciwon zuciya a yankin Keshan na ƙasar Sin. A 2007 likitocin Sakkwato suka nuna cewa ciwon yana nan da yawansa, kimanin ɗaya cikin haihuwa ɗari.

Wanda ya fi kowa zurfafa aikin shi ne Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye, likitan zuciya a Jami'ar Bayero da Asibitin Aminu Kano, wanda ya yi digirinsa na uku a kan wannan ciwo a Jami'ar Umeya ta Suwidin da bayanan matan Kano. A 2015 ya nuna cewa ƙarancin seleniyam ya fi yawa nesa ba kusa ba a cikin masu ciwon idan aka gwada su da masu jego lafiyayyu. Daga nan ya jagoranci wani babban bincike na ƙasa baki ɗaya, inda asibitoci 22 suka haɗa hannu suka rubuta bayanan mata 406 masu ciwon, aka kwatanta su da wasu masu jego da ba su da shi. An buga sakamakon a 2020. An tabbatar cewa Arewa maso Yamma ce ta fi yawan ciwon, ɗaya cikin haihuwa 96. Amma da aka auna abubuwan da ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya, wankan jego da kunun kanwa da kasancewar mace Bahaushiya ko Bafulatana ba su tsaya a matsayin sanadi ba. Abubuwan da suka tsaya su ne rama, da hawan jinin masu ciki wanda yakan kai ga jijjiga, da rashin karatun boko, da rashin sana'a. Watau dai kusan abin da Harrison ya gani a ɗakin haihuwa tun shekarun 1970.

Adalci ya sa a ce wannan bai mai da aikin Parry da Davidson banza ba. Su da alamomin jiki suka gane ciwon, domin na'urar hoton zuciya ba ta wadata ba a lokacinsu. A yau kuwa ba a kiran ciwo da wannan suna sai na'ura ta nuna tsokar zuciya ta yi rauni. Mai yiwuwa ne a cikin matan Zariya akwai kashi biyu, waɗanda ruwa ya yi wa yawa da waɗanda tsokar ta lalace, kamar yadda aikin Sanderson ya nuna alama. Har ila yau gashi a gadon ƙasa ya ragu ƙwarai daga baya. Kuma babu likitan da zai yarda mai kumburi ko mai hawan jini ta sha kanwa, don haka wannan gargaɗi yana nan. Abin da ya sake shi ne inda ya kamata a sa ƙarfi: abinci mai gina jiki ga mai ciki, da awo, da gwada jininta kafin haihuwa da bayanta. An kuma yi ɗan gwajin ba masu ciwon seleniyam, aka ga sauƙin alamomi, sai dai ana bukatar gwaji mafi girma kafin a mai da shi ƙa'ida.

Ba a fannin zuciya kaɗai aka ga wannan canji ba. Yara masu amosanin jini waɗanda suke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, a ƙasashe masu arziki ƙarin jini ake yi musu kowane wata, abin da talakan Kano ba zai iya ba. Likitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka fara da tambayar abin da iyali za su iya riƙewa, suka gwada wani maganin sha mai sauƙin kuɗi a kan yara 220, aka buga sakamakon a 2022. Ɗaya daga cikin asibitocin da aka yi aikin shi ne wanda yake ɗauke da sunan Barau Dikko a Kaduna.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin bincike guda daga 1969 zuwa 2020, ta kuma ajiye shi a tsakanin abin da ya gabace shi da abin da ya gitta masa. An ga cewa a Anchau an yi wa jama'a aiki mai amfani ba tare da an tambaye su ba. A Zariya an tambayi marasa lafiya an bi su gida, ta haka aka gano yawan ciwon a yankin. A Kano a 1996 an zo an tafi, abin da aka bari a baya kuwa ya taɓa yaran da ba su ma cikin gwajin. Daga bisani likitocin da ƙasar ta horar suka ɗauki tsohuwar tambaya suka sake auna ta, suka sauke wa al'ada wani kashi na laifin da aka ɗora mata, suka nuna rabon talauci da rashin ilmi a ciki.

Akwai aikin da ya rage wanda ya shafi masana harshe da al'ada kai tsaye. Har yanzu wannan ciwo ba shi da tsayayyen suna a Hausa wanda tsohuwa mai dafa ruwan wanka za ta ji ta bambanta shi da sanyi. Takardun neman amincewar marasa lafiya kuma galibi da Turanci ake tsara su, sa'an nan a juya. Ungozoma da kaka da uwar miji su ne suke fara ganin ƙafar mai jego ta kumbura, su ne kuma suke yanke shawarar a ƙara wuta ko a nemi mota. Idan sassan koyar da Hausa na jami'o'i suka zauna da likitocin zuciya suka daidaita kalmomin da za a yi wa waɗannan mata bayani da su, to binciken da aka fara a Zariya zai isa ɗakin da ciwon yake farawa.